Wa Zai Tsare Asirin Ƙwaƙwalwa?

Cikin watan Janairu 2024 kamfanin Neuralink na Amurka ya dasa wata 'yar na'ura a ƙwaƙwalwar wani mutum wanda jikinsa ya shanye. Ita na'urar tana ɗaukar motsin jijiyoyi ta aika wa kwamfuta, har mutumin ya riƙa sarrafa ta da tunani kawai. Lalle wannan babban taimako ne ga majinyata.

Amma fa labarin da ake kwasowa daga kan mutum, a hannun wa zai zauna? Ƙasar Cile ta gyara tsarin mulkinta a 2021 don tsare shi, jihar Kolorado kuma ta yi doka a 2024. Kowane akawu ya sani ba a barin takardar asiri bisa tebur, balle tunanin mutum. Ya kamata sauran gwamnatoci su yi doka tun na'urar ba ta yawaita ba.