Kuɗin Asibiti da Makaranta Jari Ne, Mu Tashi Mu Nema

Jama'a, ku kasa kunne! A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka ɗau alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya. Sama da shekara ashirin ke nan, gwamnatin tarayya ba ta taɓa zuwa ko kusa ba.

Masu mulki da yawa gani suke gadar sama ita ce ci gaba, asibiti kuwa asarar kuɗi. To, su je ƙauye a watan Agusta. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da magidanci daidai lokacin maimai, ɗakin shan magani a kulle, sai a goya shi a babur zuwa birni. Kafin a sallamo shi an sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗa, gona ta cika da ciyawa. Amfanin bana ya ragu, na baɗi ma an taɓa shi, don jarin ya tafi. Ai fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Haka arziki ke zurarewa gida-gida.

Ilimi ma haka. Hukumar UNICEF ta ce yara sama da miliyan goma ba sa makaranta, akasarinsu a Arewa. Wane mai masana'anta zai kafa inji a inda ma'aikaci ba ya iya karanta umarnin da ke jikinsa? Abin takaicin, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi kuɗi a hukumar UBEC, amma biliyoyi kan yi ta zama a can saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba, yara kuwa suna zaune a ƙasa.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, rabon da jihohi ke samu ya ƙaru. Mu muka biya da tsadar rayuwa, mu ke da hakkin tambaya.

Limamai, ku sa a huɗuba. Iyaye mata, matasa, 'yan kasuwa, ku je wurin kansila da ɗan majalisarku, ku tambaye su nawa aka ware wa asibiti da firamaren mazaɓarku, nawa aka fitar, me aka yi da shi. Wanda ya kasa amsawa, kada ya ga ƙuri'arku.