Burodin Soda: Darasin Kimiyya a Cikin Ƙwaryar Nono

Ɗalibai da yawa a makarantun sakandare na Jega da Aliero da Maiyama sun haddace cewa idan asid ya haɗu da sinadarin kabonet, iskar kabon-dayoksaid kan fita. Amma sau da yawa ba su ga hakan da idonsu ba, domin ɗakin gwaje-gwaje ba shi da kayan aiki. Alhali kuwa kayan da za a nuna musu wannan darasi suna nan a kasuwar Jega, har ma a cikin gidajen Jandutsi. Ya kamata malaman kimiyya su ɗauki gashin burodin soda a matsayin gwaji na aji.

Wannan burodi ya yaɗu a ƙasar Ayalan tun wajen shekarun 1840, lokacin da sodar abinci ta wadata a can. Alkamarsu ba ta da danƙo sosai, saboda haka ba ta tashi da kyau da yis. Sai matan karkara suka riƙa haɗa gari da gishiri da soda da madarar da ta yi tsami bayan an fitar da mai, su gasa a tukunyar ƙarfe, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Wannan madara kuwa 'yar'uwar nonon da matan Fulani ke kawowa talla ce bayan sun kaɗe man shanu.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓin ya haɗa ilimin halittu da na sinadarai. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin sukarin da ke cikin madara, su mai da shi asid, wato tsamin da harshe ke ji. Da zarar asid ɗin ya taɓa soda, sai kabon-dayoksaid ta fito, ta maƙale cikin kwaɓin, ta kumbura shi. Yis kuwa halitta ce mai rai, sai an ba ta sa'o'i kafin ta samar da wannan iska. Ita soda nan take take aikinta, shi ya sa ba a barin kwaɓin ya jira, ba a kuma yawan murza shi.

Ma'aunin mai sauƙi ne: fulawa giram 450, soda ƙaramin cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1, nono kimanin mililita 400. A kwaɓa, a mulmula, a tsaga samansa da wuƙa domin zafi ya ratsa ciki, a gasa kimanin minti 40.

Wani zai ce aji ba ɗakin girki ba ne, kuma fulawa ta yi tsada. Maganar tsada gaskiya ce, domin mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje take zuwa. Gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, amma ta janye dokar a 1992 ba tare da noman gida ya wadatar ba. Wannan ma dalili ne na yin gwajin. Ɗalibai na iya maye wani kaso na fulawar da garin dawa ko gero, su auna tsawon kowane burodi, su gano inda ya fara danƙarewa. Haka kuma suna iya kwatanta soda da kanwa, wadda ita ma ke ɗauke da sinadaran kabonet, kodayake tana tafe da yashi, kuma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan. Idan ta yi yawa takan kawo ɗaci, ta kuma lalata bitamin B1.

Ɗalibin da ya auna, ya canza abu ɗaya ya bar sauran, ya rubuta sakamako, ya koyi tsarin binciken kimiyya, abin da hadda ba ta bayarwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka malami ya nemi tukunya da gawayi da ƙwaryar nono, ya raba ajinsa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kawo rahoton abin da ya gani.