A Koya wa 'Yan Baya Fara Wasa Daga Gida

Duk wanda ke zuwa kallon gasar ƙwallon ƙafa ta sassa a jami'armu ya san abin da ke faruwa da zarar ƙwallo ta shiga hannun gola. Koci zai ɗaga murya ya ce a buga ta gaba, sai gola ya narka ta sama, sau da yawa kuma ta faɗa ƙafar abokan hamayya. A ganina wannan kyauta ce muke yi da ƙwallon da muka sha wuya kafin mu ƙwace.

Dokokin wasan kansu sun sauya. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa, dole ya iya taka leda. A 2019 kuma aka yarda ɗan baya ya karɓi bugun gola a cikin yadi na 18. To me zai hana masu horaswarmu amfani da wannan dama?

Tsarin ba boyayye ba ne. 'Yan baya biyu na tsakiya su buɗe, na gefe su hau gaba, ɗan tsakiya ɗaya ya sauko ya karɓa, kamar yadda Busquets ya riƙa yi a Barcelona. Idan abokan hamayya suka taso matsi, sun bar fili a bayansu, nan za a bi.

Masu suka za su ce akwai haɗari, kuma filayenmu duk gargada ce. Gaskiya ne. A Disamba 2011 Valdes ya yi kuskuren fas, Benzema ya ci Barcelona tun ba a yi minti ɗaya ba. Amma golan bai fasa ba da gajeren fas ba, suka kuma ci Real Madrid 3-1. Maganin gargada shi ne atisaye a kan filin da za a yi wasan, da koya wa yaro duba gefe da gefe kafin ƙwallo ta iso shi. Idan an toshe kowace hanya, doguwar ƙwallo ba laifi ba ce, in dai da wanda aka nufa da ita.

Don haka ina kira ga kocinanmu da su daina zagin ɗan bayan da ya yi kuskure a wajen atisaye, domin tsoro ne ke sa shi watsar da ƙwallo. A fara wannan horo tun daga 'yan aji ɗaya, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.