GIDA DA ALJIHU: Masu Sayen Suna Domin Su Sayar

A wannan wata za mu duba wata sana'a da ta shigo gidajenmu ta wayar hannu, watau sayen sunayen adireshi na intanet domin a sayar da riba. Iyaye da dama sun rubuto mana suna tambaya, gama 'ya'yansu suna roƙon jari, wasu ma har sun taɓa kuɗin makaranta. Ba mu ce sana'ar zunubi ce ba. Amma masu farawa sukan fāɗa cikin ramuka iri ɗaya, ya kamata mu san ramukan tun ƙafa ba ta shiga ba.

Mene ne ake saya?

Kowane shafi a intanet yana da adireshinsa, kamar yadda kowace rumfa a kasuwa take da lamba. Adireshin nan suna ne, da 'yar wutsiya a ƙarshensa, kamar .com ko .org ko .ng ta Nijeriya. Mutum biyu ba su riƙe suna ɗaya a lokaci guda. Wanda ya riga yin rajista, shi ke riƙe da shi.

Suna na fari mai wutsiyar .com shi ne symbolics.com, na wani kamfanin kwamfuta a Amurka, an yi masa rajista ran 15 ga Maris, 1985. Yau masu wutsiyar .com kaɗai sun wuce miliyan 150. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke tsara al'amarin a duniya. Kamfanin Verisign ke riƙe da kundin .com, ƙungiyar NiRA kuma ke lura da .ng.

Abin da ke jan samari shi ne labarai masu zaƙi. A 1999 an sayar da business.com dala miliyan 7 da rabi. A 2019 an sayar da voice.com dala miliyan 30. Gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Amma waɗannan sunaye kalma ɗaya ce tak ta Turanci, wadda kowa ya sani, an kuwa kama su shekaru da yawa kafin ranar cinikin. Rumfunan bakin ƙofar kasuwa an daɗe da rabawa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Rami na fari: haya ce, ba saye ba

Mai farawa yakan ce, "Na sayi suna." A gaskiya haya ya kama. Yakan biya shekara ɗaya, ko har goma in ya so, in wa'adi ya cika sai ya sāke biya, in ba haka ba sunan ya fita hannunsa. Akuya tana haihuwa, gona tana ba da hatsi, amma suna yana zaune kawai, kowace shekara kuwa yana cin kuɗi.

Bari mu yi lissafi, a misali. A ce yaro ya kama sunaye 100, kowanne dala 12. Ke nan dala 1,200 bana, baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka. Waɗanda suka daɗe cikin sana'ar sukan ce, cikin sunaye ɗari masu kyau, ɗaya ko biyu ne ke samun mai saye a shekara. In ya sayar da ɗaya dala 1,000, dillalan intanet irin su Afternic da Sedo za su cire la'adarsu, sau da yawa kashi 15 cikin ɗari ko fiye. To, abin da ya rage bai biya hayar sauran 99 ba. Ga kuma wani nauyi a kan mutanenmu: farashin .com da dala ake yanka shi, naira kuwa ta fāɗi ƙwarai tun daga 2023. Hayar da aka ɗauka da sauƙi a shekarar fari tana iya zama kaya mai karya wuya a ta biyu.

A cikin Luka sura 14 Ubangiji ya yi misali da mai son gina hasumiya. Ya nuna cewa mai hankali yakan zauna tukuna ya ƙirga abin da ginin zai ci, don kada ya tsaya a harsashi mutane su yi masa ba'a. Haka yake a nan. Kafin a kama suna, a tambayi kai, "Ina da abin biyan hayarsa shekara biyar ko da ba wanda ya taya?"

Rami na biyu: tarin tarkace

Da yake kama suna ba wuya, mai farawa yakan zauna dare ɗaya ya tara hamsin. Duk abin da ya yi wa kunnensa daɗi sai ya kama. Ya manta ba shi ne mai saye ba. Mai saye ɗan kasuwa ne da ke neman suna gajere, mai saukin faɗa, wanda in an ji shi a rediyo za a iya rubutawa ba kuskure. Dogon suna mai kalma huɗu, ko mai lambobi da karan ɗori a tsakiya, ko mai rubutun da aka karkace, da wuya ya sami mai tayawa.

Tun daga 2013 aka soma buɗe sababbin wutsiyoyi ɗaruruwa. Waɗansu akan ba da su dala ɗaya ko biyu a shekarar fari, sa'an nan hayar shekara ta biyu ta ninka sau da yawa. Araha ba ta ado. A duba kuɗin sabuntawa kafin a duba kuɗin shiga.

Akwai kuma shafuffukan da in ka rubuta suna, nan take na'ura ta gaya maka wai ya kai dala dubu kaza. Na'ura ba ta taya kaya. Darajar suna ita ce abin da mai saye ya miƙo, ba ƙari.

Rami na uku: kama sunan wani

Wannan ya fi sauran haɗari, gama ya shafi lamiri. Wani yakan ga kamfani ko banki ko makaranta mai suna, sai ya yi rajistar sunanta, ko wani mai kama da shi, ya jira su zo su fansa. Daidai yake da mutum ya kafa rumfa a bakin ƙofar maƙwabcinsa ya ce sai an biya shi zai kauce.

Tun 1999 ICANN ta kafa ƙa'ida a kan wannan. Mai alamar kasuwanci yana iya kai ƙara, galibi gaban hukumar WIPO da ke Janiba. Abu uku zai nuna: sunan daidai yake da nasa ko ya yi kama har ya ruɗar da mutane, mai riƙe da shi ba shi da haƙƙi a kansa, ya kuma kama shi yana amfani da shi da mugun nufi. In an tabbatar, sai a karɓe sunan ba ko kwabo. Ƙara ta fari da aka yanke, a Janairu 2000, ta wani mutum ce da ya kama sunan ƙungiyar 'yan kokawa ta World Wrestling Federation, ba da daɗewa ba ya nemi ya sayar musu. Aka karɓe. A Amurka kuma dokar 1999 ta ba kotu ikon ɗora diyya daga dala 1,000 har 100,000 a kan kowane suna ɗaya. Ko da ba kotu, Doka ta Goma ta riga ta hana mu ƙyashin abin maƙwabci.

Ga wani labari dabam. A 2015 wani mai suna Sanmay Ved ya tarar an saki google.com a kasuwa bisa kuskure, ya biya dala 12, sunan ya zama nasa na kamar minti ɗaya kafin a soke cinikin. Bai nemi fansa ba, sai ya sanar da kamfanin. Suka ba shi tukuicin dala 6,006.13. Da ya ce a ba da kuɗin ga aikin taimako, sai suka ninka.

Rami na huɗu: macuta da mantuwa

Wata rana saƙo zai zo, wai wani attajiri yana son sunanka da kuɗi mai yawa, amma sai ka fara biyan wani shafi ya kimanta shi. In ka biya, mai sayen ya ɓace, gama shi da mai shafin bakinsu ɗaya. Mai saye na gaskiya ba ya sa ka biya kafin ya biya. Kada kuma a miƙa suna kafin kuɗi su shiga hannun amintaccen ɗan tsakiya, kamar kamfanin Escrow.com ko dillalin da aka sani.

Mantuwa ma ɓarawo ce. In wa'adin .com ya cika ba a biya ba, akan ba da 'yan kwanakin alheri. Bayansu akwai kwana 30 na fansa, da tara mai tsada, sa'an nan kwana 5, sai a sake shi ga duk wanda ya riga. Dattawan ekklesiya, wannan ya shafe ku. In ekklesiya tana da shafi, a yi rajistar da sunanta, mutum biyu su san kalmar sirri, sakatare kuma ya rubuta ranar biya a littafinsa. Kada a bar shi a wayar saurayi ɗaya, wanda gobe zai tafi makaranta.

Shawararmu ga iyaye

In ɗanku ko 'yarku ta nace, kada ku yi faɗa, ku zauna tare da takarda da fensir. A fara da wata uku na koyo, ana duba irin sunayen da aka sayar da farashinsu, ba a saya komi ba. Sa'an nan a kama biyar, kada a wuce goma. Kada a ci bashi, kada a taɓa kuɗin makaranta, ko na abinci, ko na zakkar Ubangiji. Miji kada ya ɓoye wa matarsa, gama hayar daga tukunya ɗaya za ta fita. Ƙarshen shekara a sāke lissafi, sunan da ba wanda ya tambaya a sake shi ba tare da baƙin ciki ba.

Littafin Misalai sura 22 ya auna suna mai kyau da dukiya mai yawa, ya zaɓi sunan. Wannan suna ba a kama shi da dala 12, da gaskiya da aminci ake samunsa. Allah ya ba 'ya'yanmu hikima cikin neman abincinsu. Amin.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi zance a kan tsaya wa wani lamuni. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku.