Firam ɗin kabon: araha ba ta ado

Idan firam ɗin kekenka na hawan duwatsu ya karye, kada arahar na kabon ta ruɗe ka. Alminiyum yakan lotse, ka gani da ido. Kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki ba ka sani ba, ya ɓalle kana tsakiyar gangara. Kafin ka biya, nemi shaidar gwajin ISO 4210 da garanti a rubuce. Ka kuma auna tsofaffin kayanka: tayar baya mai cibiyar milimita 142 ba ta zama a firam mai 148 sai da ƙarin kuɗi. Mai sayarwa ya fara kame-kame? Ɗauki alminiyum mai inganci. Nauyinsa ya fi jinyar karaya sauƙi.