AK-47 a kafaɗar ɗan sandan Kura da Bunkure: Kariya ce ko kaya?

Duk wanda ya saba bin titin Kano zuwa Zariya ya wuce Karfi da Kura, ko ya karkata ya nufi Bunkure da Rano, ya san wannan hoton: ɗan sanda tsaye a bakin hanya, AK-47 rataye a kafaɗa. Sau da yawa fentin jikinta ya goge, katakon gindinta ya tsage an naɗe shi da salatif, igiyar ratayawar ma wani lokacin ba tata ba ce.

Matafiyi na kallon bindigar a matsayin alamar iko. Shi kuwa mai ɗauke da ita, lissafinsa daban ne. Ita ce abin da ya fi amincewa da shi idan rana ta ɓaci, ita ce kuma abin da zai iya raba shi da aikinsa, ko ma da ransa, cikin minti guda. A yanki irin na noman rani, bindigar ta yi wa yawancin ƙararrakin da ke zuwa caji ofis yawa, sannan ta yi kaɗan ga irin maharan da ake fargabar isowarsu.

Abin da ke kai mutane caji ofis

Ruwan da ya raya Kura, Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Shi kansa Audu Bako kwamishinan 'yan sanda ne, ba soja ba, abin da matasa da yawa ba su sani ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da manyan magudanan, kuma a kansu ne dubban iyalai ke noma shinkafa, alkama, tumatir, albasa da masara rani da damina.

Inda ruwa da kuɗi suka haɗu, rigima ba ta rasa wurin zama. Wani ya tare ruwa da daddare ya hana na ƙasa da shi. An sace injin ban ruwa. Shanu sun faɗa gonar albasa suna neman hanyar mashaya. Dillali da manomi sun sa zare a kan farashin kwando a Kwanar Gafan. Yaran gari biyu sun ɗauko gora da adda bayan wasan ƙwallo ko taron siyasa.

A cikin waɗannan babu wadda harsashi zai warware. Amma jami'in da aka tura wurin, galibi zaɓi biyu gare shi: bakinsa, ko bindigar yaƙi mai cin harsashi 30. Tsakanin lallashi da kisa akwai fili mai faɗi, kuma a nan ne kayan aikin suka fi ƙaranci: garkuwa, hular kwano, barkonon tsohuwa da bai lalace ba, isassun ankwa, na'urar oba-oba mai aiki da zai kira ɗauki da ita. 'Yan dokan En'e da aka haɗe da rundunar tarayya wajen ƙarshen shekarun 1960 da kulki suka yi aiki. Ba wanda zai ce a koma can, zamani ya wuce wurin. Sai dai daga kulki aka yi tsalle zuwa makamin fagen daga, ba a tsaya a tsakiya ba.

Dalilin da ya sa suke son ta

Duk da haka, da wuya a samu ƙaramin jami'in da zai yarda a karɓe masa AK-47 a ba shi wata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bindigar da Mikhail Kalashnikov ya ƙera wa Tarayyar Sobiyat a 1947 an yi ta ne don sojan da bai samu dogon horo ba, a wurin da babu makaniken makamai kusa. Tana jure ƙurar hunturu, tana jure taɓon bakin kwata, kuma kwance ta da haɗa ta ba ya buƙatar wani kayan aiki. Ga wanda ke sintiri a kan babur ta siraran hanyoyin da ke bin magudanan ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sauran bindigogin da suka ratsa hannun rundunar kowacce da nata cikas. G3 da FN sun fi tsawo da nauyi, kuma harsashi 20 gidansu ke ɗauka. K2 ta Koriya ta Kudu harsashinta daban ne, milimita 5.56, don haka idan naka ya ƙare, na abokin aikinka mai AK-47 ba zai shiga taka ba. Akwai kuma batun kwarjini: ɗan fashi ya san ƙarar AK-47, kuma ya san bambancinta da ta bindigar toka.

Amma abin da ya sa ta dace da daji shi ne ya sa take da haɗari a gari. Harsashinta na huda kwanon rufi, ƙofar mota da siririn bango, kuma wanda aka harba sama dole ya sauko a kan wani abu. A kasuwa mai cunkoso ko tashar mota, kuskuren yatsa ɗaya a kan kunama ya isa ya jefa gida cikin makoki. Da cikakken gidan harsashi nauyinta ya haura kilo 4, kuma mutum ne zai wuni da ita a rana. A watan Afrilun 2019, Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya ba da umarnin rage lokacin aiki daga awa 12 zuwa awa 8, yana mai danganta yawan harbin ganganci da gajiya da matsin aiki. Umarni ne mai ma'ana, amma ofishin da ba shi da isassun mutanen da zai raba gida uku, a takarda kawai zai bi shi.

Kowane harsashi da lissafinsa

Abin da jama'a ba su cika gani ba shi ne abin da ke faruwa kafin bindigar ta fito titi. Jami'i yana sa hannu a littafin ma'ajiyar makamai, a rubuta lambar bindigar da adadin harsasan da aka ba shi. Idan ya dawo, haka za a ƙirga. Harsashi ɗaya ya ɓace, sai ya yi bayani. Bindiga ta ɓace, shari'ar cikin gida ce, wadda kan iya ƙarewa da rage muƙami, kora ko gurfana gaban kotu.

Kanawa ba su manta da abin da ya faru a Afrilun 2023 ba, lokacin da rundunar ta kori jami'ai uku da aka tura daga Kano su yi wa mawaƙi Dauda Kahutu Rarara rakiya, bayan bidiyo ya nuna su suna harbi sama a ƙauyen Kahutu na Jihar Katsina. Cikin laifukan da aka kama su da su har da ɓarnatar da harsasai. A Legas kuwa, a Oktoban 2023 kotu ta yanke hukuncin kisa a kan jami'in da ya harbe wata lauya ranar Kirsimetin 2022.

Doka ma ta ƙara tsauri. Tsohuwar ƙa'idar rundunar mai lamba 237 ta ba da damar harbin wanda ake zargi idan ya gudu, da masu tarzoma, abin da ya jawo suka daga ƙungiyoyin kare haƙƙi shekara da shekaru. A Oktoban 2019 aka sabunta ta, aka taƙaita harbin kisa ga inda rai ke cikin haɗari nan take ko ake fargabar mummunan rauni. Gyara ne mai kyau. Matsalar ita ce ƙa'ida irin wannan ba a kai take zama ba, a hannu take zama, kuma hannu ba ya koyo sai da maimaici. Ƙorafin da ya daɗe yana fitowa daga ƙananan jami'ai shi ne, bayan barin makarantar horo, mutum kan daɗe bai sake taka filin koyon harbi ba, domin harsashin atisaye kuɗi ne. Sakamakon abu biyu ne, duka marasa kyau: wani ya yi saurin harbi saboda tsoro, wani kuma ya ƙi harbi ko da ya kamata, saboda tsoron takardar tuhuma. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta sake tayar da wannan muhawara, inda Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida ciki har da Kano, rundunar kuma ta musanta.

A ƙasa ana ƙirga harsashi ɗai-ɗai. A sama fa? Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disambar 2018 akwai makaman 'yan sanda 178,459 da ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Ya kuma ambaci wasu bindigogi 3,907 da aka kasa bayar da bayaninsu zuwa Janairun 2020. A Fabrairun 2025 kwamitin Majalisar Dattawa ya sake taso da maganar a gaban Sufeto Janar Kayode Egbetokun. Rundunar ta ce ba daidai ba ne a kira su duka ɓatattu, domin wasu na hannun jami'an da ke bakin aiki lokacin da masu bincike suka zo, wasu kuma an ƙwace su ne a hare-haren da aka kashe masu riƙe da su.

Ko da an karɓi wannan bayani, ya tabbatar da abin da kofur ɗin da ke gadin dare ya riga ya sani: bindigar da ke kafaɗarsa dukiya ce da wasu za su iya kashe shi a kanta. Kano ta ga haka ranar 20 ga Janairun 2012, lokacin da Boko Haram ta afka wa ofisoshin 'yan sanda da na wasu hukumomin tsaro a cikin birni, mutum aƙalla 185 suka mutu. Ƙaramin ofishi mai jami'ai ƙalilan da bindigogi a ɗaki guda, ba katanga ba fitila, ga mahari rumbu ne. Binciken da cibiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan makaman da aka kama a Kaduna, Katsina da Zamfara ya gano cewa, ban da waɗanda suka tsallako daga Libiya da wasu ƙasashe, akwai waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Najeriya ne.

Idan na daji suka zo

Kura da Bunkure ba Zamfara ba ne, kuma Allah Ya kiyaye. Amma dajin Falgore na kudu da su, sannan hare-haren da aka kai ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 sun nuna cewa iyakar Kano ba katanga ba ce. Yanki mai buhunan shinkafa, injinan casa da 'yan kasuwa masu yawo da tsabar kuɗi a lokacin kaka ba zai rasa masu kwaɗayinsa ba.

A nan ne ƙorafin "sun fi mu makamai" yake da gaskiya. 'Yan bindigar Arewa maso Yamma na zuwa da yawa a kan babura, wasu da manyan bindigogi masu jigida, kuma a Yulin 2021 sun kakkaɓo jirgin yaƙin sojan sama a Zamfara. Jami'i huɗu a motar sintiri da gidan harsashi ɗai-ɗai ba za su tare irin wannan ayari ba, ko da sabbin bindigogi aka ba su jiya. Abin da ke yanke hukunci a irin wannan arangama shi ne yawan mutane, yawan harsashi, rigar sulke, da ko ɗauki zai iso kafin a gama.

Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey ta 2017 ta nuna akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya, alhali na hukumomin tabbatar da doka ba su kai 400,000 ba. Ba dukkansu ne a hannun miyagu ba. Mafarauta da 'yan sintiri a wannan yanki sun gaji bindigar toka kaka da kakanni, kuma Dokar Makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon bayar da lasisin irinta. Mutanen Torankawa a Bunkure sun ɗanɗani abin da ke biyo baya idan aka bar taron jama'a ya yanke hukunci a kan ganin bindiga, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a Maris ɗin 2025 suna hanyar dawowa gida sallah. Rarrabe mafarauci da ɗan ta'adda aikin sanin mutane ne da rajista, kuma ɗan sandan da ya daɗe a gari ya san masu unguwanni shi ya fi iya shi.

A Nuwamban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, ya kuma amince da ɗaukar sabbi 50,000. Idan an aiwatar, wasu daga cikinsu a ofisoshi irin na Kura da Bunkure za su sauka, kuma abu na farko da za a miƙa musu shi ne AK-47. Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa a 2019 horo da kayan aiki aka ce zai ɗauki nauyi, amma motocin da ake jerawa a ɗauki hoto sun fi harsashin atisaye farin jini wurin masu rabon kuɗi. Tambayoyi biyu ne 'yan majalisar da ke wakiltar Kura, Madobi da Garun Malam, da na Rano, Bunkure da Kibiya, za su iya miƙa wa hedikwatar Bompai a rubuce: harsashi nawa kowane jami'in ofisoshin yankin ya harba a filin horo cikin shekarar da ta wuce, kuma yaushe rabon da wani daga waje ya zo ya ƙirga abin da ke cikin ma'ajiyarsu.