Mantuwar da Ta San Manya

Akwai wata magana da ta kama bakin 'yan boko irina, wadda ya kamata mu daina yafe wa juna: "Wallahi ina ta son in kira ka in yi maka bangajiya, kwanakin ne suka gudu ban ankara ba." Mai faɗa ya rantse, mai saurare ya ce ba komai, a rabu a haka. Ni ma na faɗe ta, saboda haka na san abin da ke cikinta. Ƙarya ce, ko da mai yin ta bai san ƙarya yake yi ba.

A watan Nuwamba na 2023 aka yi mana rasuwa a Babura. Ƙanin mahaifina ne, wanda a hannunsa na tashi. Na zo, na yi zaman makoki na kwana uku, na koma bakin aiki. Mutum biyu nake so mai karatu ya riƙe. Na farko wani babba ne a wurin aikina. Bai zo ba, direbansa ya aiko da buhun shinkafa. Na biyu abokina ne tun na firamare, malamin makaranta a wani ƙauye na ƙasar Roni. Babur ya hau zuwa Kazaure, daga nan ya nemi mota, ya kwana biyu a kan tabarma ɗaya da ni yana taya ni amsa gaisuwa. Da zai tafi ya cusa mini naira dubu biyu a aljihu, a ninke, yana kawar da kai.

Mai shinkafa na kira shi a daren, tun ba a yi isha'i ba. Abokina kuwa sai bayan ƙaramar Sallah, wata biyar ke nan. Na jera masa maganar nan ta gudun kwanaki. Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce, "Ai mutumina, na zaci ko ɗan abin da na kawo ne ya ba ka kunya."

A cikin watannin nan biyar ban makara taron ofis na ƙarfe tara ba. Ban manta ranar shigar albashi ba, ban manta ranar biyan kuɗin makarantar yara ba. To wace irin mantuwa ce wannan, mai tantance buhu da naira dubu biyu, mai sanin wanda zai sa hannu a takardar ƙarin girma da wanda ba shi da abin ba ka sai ƙafarsa? Ku duba wayoyinku, 'yan'uwana ma'aikata. Ku duba wa kuka kira washegarin bikin 'yarku, wa kuma har yau kuke "shirin kira". Jerin zai fito daidai da jerin muƙami da dukiya, daga sama zuwa ƙasa, kamar an auna da ma'auni.

Iyayenmu sun san zuciya tana shagala, shi ya sa ba su bar godiya a hannun zuciya ba. Sun kafa mata lokaci, kamar yadda suka kafa wa suna rana ta bakwai. An watse biki ko makoki, sai a fita bangajiya gida-gida tun gajiyar tana jikin mutane; ai sunan ma ya faɗa, kuma gajiyar da ta yi wata biyar ta riga ta warke, babu abin bayarwa. An aiko yaro da ƙwarya, ba ya juyawa sai da tukwici a hannu. Ka haɗu da wanda ya yi maka alheri washegari, kafin komai sai ka ce an gode da jiya. Mata kuwa sun fi kowa tsanani a nan, domin gudummawar biki bashi ce da ake riƙewa a ka shekara da shekaru, a mayar da ita da ƙari. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya ga yadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take riƙe da lissafin ƙawaye da hidimominsu na tsawon rayuwa. Mu masu kalanda a bango da wata a waya, mu ne kwanaki suke ɓace wa.

Abin da ya ƙara munin al'amarin shi ne zuwa ya yi tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli na shekarar aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Babura a bakin iyakar take, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a tsallake, ta wajen Magarya. Duk da haka tsofaffi suka ratso ta gonaki suka zo mana gaisuwa. Yau duk wanda ya taka zuwa gidanka wani abu ya hana cikinsa. Godiya kuwa ba ta taɓa araha kamar yau ba: tun 2001 wayar salula ta shigo ƙasar nan, kira ɗaya bai kai kuɗin ƙullin gyaɗa ba.

Za a ce ai an tura saƙo. Na san saƙon, ni ma na tura shi a WhatsApp: iyalan wane suna miƙa godiya ga duk waɗanda suka samu halarta da waɗanda ba su samu ba, Allah ya bar zumunci. Ku sake karanta shi a hankali. Ya haɗa wanda ya kwana biyu a tabarma da wanda ko "Allah ya jiƙansa" bai rubuta ba, ya ba su rabo ɗaya. Wannan sanarwa ce, irin wadda ake bai wa gidan rediyo, kuma tana da amfaninta. Amma ba ta ambaci sunan kowa ba, wanda ba a kira sunansa ba kuwa ba a gode masa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa tsakanin aminai babu godiya, godiya ta bare ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Aminin da kuke cin tuwo tare kowane dare ba ya bukatar jawabi, domin gobe zai ga fuskarka. Amma mu mun bar gari. Mun bi hanyar Kunya mun zauna Kano, wasu Kaduna, wasu Abuja, ba ma dawowa sai Sallah ko mutuwa. Aminin da ba ya ganinka, ba shi da abin auna matsayinsa a wurinka face kiranka, in kuma ka yi shiru, shirun zai fassara. Mai hali yakan ce hidima ta yi maka yawa. Marar hali yakan ce ka raina shi, domin ya saba da raini daga masu takalmi irin naka. Malamai sun sha karantar da mu hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, kuma ban ji an ware aminai daga cikin mutanen ba.

Ba na cewa wanda ya makara ya haƙura. Kunyar makara ce ma take mai da mako wata, wata ya zama shekara, kuma gara ka kira da kunyarka. Abin da nake ƙi shi ne a jingina laifin ga kwanaki. In za ka kira, ka ce masa na fifita wasu a kanka, ka yafe mini. Ni ban iya faɗar haka ba a ranar. Na ce wallahi ba haka ba ne, shi kuma ya ce ba komai.

Da damina matarsa ta haihu, namiji. An yi suna, an yanka rago, abokanmu na firamare sun je daga Babura da Gwiwa. A bakin ɗaya daga cikinsu na ji, bayan kwana goma.